Mai Tsoron Jini a Gaban Mahauci

Ke dai bari, ba kyan saurayin nan ne ya tsayar da ni ba, don siriri ne kamar sillen kara. Ga shi tsaye gaban Maharazu mahauci a kasuwar Kurmi, riga fara ƙal, takarda a hannu, gumi na ɗiga ta haɓarsa.

"Malam, tsoka ko kayan ciki?"

"Zuciyar rago, Baba. Amma a tsaga ta a gabana."

Wai jami'ar Badun za shi karatun likita, kuma yau zai mayar da takardar zaɓen darussa. Ya cike na lissafi da na haɗa magunguna. Saura na fiɗar dabbobi, wanda in babu shi babu likitanci. Shi kuwa ko yankan kaza ba ya iya kallo. Ina jin irinsa, ranar layya ƙuryar ɗaki yake shigewa.

Maharazu ya tuntsire da dariya. "Likita mai tsoron jini! Wanzamai, ku sha kuruminku."

Wuƙa ta shiga. Saurayin ya dafa tebur, na ce yanzu zai zube. Ina! Sai ya yi bisimilla, ya cusa yatsa cikin zuciyar yana ƙirga ɗakunanta, har huɗu. Da hannun nan mai jini ya zaro alƙalami ya cike layin ƙarshe.

To ke, ran da za a tsaga ki, wa kike so ya riƙe wuƙar: wanda bai san tsoro ba, ko wannan?