Yaya Lawal da kududdufin da ya hana a cike

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawal mai haƙar rijiya na Ƙofar Durbi. Bai taɓa zama a aji ba, sunansa bai taɓa fitowa a jarida ba sai yau. Ni ƙanensa ne aka sani, domin a shekarun da sojoji suka koma bariki ina cikin masu wasan kwaikwayo a rediyo da talabijin, in na shiga kasuwa har nuna ni ake yi.

A lokacin ne wata ƙungiya ta zo da gangamin yaƙi da kwararowar hamada da sauyin yanayi. Aka tara mu, mawaƙa da 'yan wasa, aka raba mana riguna masu rubutu da huluna. Wurin da aka zaɓa don bikin shi ne tsohon kududdufin bayan unguwarmu. Wani ɗan kwangila zai cike shi da ƙasa, mu dasa itatuwa a gefe ɗaya gaban kyamara, sauran filin kuma a yanka filaye. Ni aka ba aikin shawo kan mutanen unguwa, na kuwa karɓa da murna.

Na sami Yaya da hantsi yana gyaran igiyar guga, na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama.

"Sani, yanayi ya canza, wannan ba sai mawaƙi ya gaya mani ba," in ji shi. "Inda Baba ke samun ruwa a gaba shida, yanzu sai na yi tara. Amma wanda zai binne kududdufi ya dasa icce biyar a kai, ba ƙasa ya zo ceto ba. Hoto ya zo ɗauka."

Na ji zafin maganar, domin ni ma hoton nake so.

Abin da ban zata ba shi ne dattawan masallaci su ma ba su tare da shi. Limaminmu, Malam Abdu, mutumin kirki ne mai ilimi, amma duk zancen yanayi a wurinsa shigo-shigo ne na Turawa. Fari da ambaliya, in ji shi, jarrabawa ce daga Allah, kuma ɗan Adam da ke cewa zai gyara sama ya wuce iyakarsa. Tunda an yi alkawarin ba masallaci fili a wurin, bai ga dalilin ƙi ba. Sai Yaya ya zama shi kaɗai a tsakiya. Mu muna ce masa jahili mai tsoron ci gaba, su suna cewa ya fara shiga hurumin Ubangiji. Wasu magidanta suka daina kiransa yasar rijiya. Matarsa ta zo har gidana tana roƙo in ce masa ya yi shiru.

Bai yi shirun ba. Wata Juma'a bayan la'asar, ana zaune za a yanke maganar cike kududdufin, ya turo kura ɗauke da duro cike da ruwa har ƙofar masallaci.

"Allah gafarta Malam, ban ce ni ke saukar da ruwa ba, ban ce ina hana shi ba," ya ce. "Tambaya ɗaya gare ni. In Allah Ya saukar da shi, ina zai tahi?"

Ya tuntsurar da duron, ya roƙi dattawa su bi ruwan. Suka tashi, wasu na dariya, suka tattare riguna suka bi shi lungu-lungu. Ruwan ya ratsa gefen gidan Liman, ya karya kwana wajen masu ƙira, ya gangara bai tsaya ba sai bakin kududdufi. A can Yaya ya nuna musu sauran kwatocin da ke zubowa daga kowace kusurwa ta unguwa. Dariya ta ɗauke. Liman bai ce ya yarda ba, ya dai juya ya koma masallaci. Amma mai unguwarmu ya ƙi sa hannu a takardar izinin cike kududdufin, dattawa suka mara masa baya, maganar ta mutu.

Ƙungiyar ta kai bikinta wani wuri, aka cire sunana daga masu jawabi. Na yi watanni ban taka gidan Yaya ba. Da na je daga baya, sai ya ce a kawo mini fura, bai ta da zancen ba, har ya bar duniya.

Yau in na ga taurari a waya suna riƙe da dashe suna murmushi, nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin ba zai zage su ba. Zai tambayi inda suka dasa, da abin da ke wurin kafin su zo. Haka in ya ji malaman da ke hawa mumbari yanzu suna cewa kula da ƙasa amana ce, zai ji daɗi, amma zai jira ya ga ko za su iya faɗin haka ranar da filin da za a cike an yi wa masallacinsu alkawari a ciki.

Shekara huɗu bayan rasuwarsa aka yi wani ruwa da rana tsaka wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. A unguwannin da aka cike kududdufai aka yi gini, katangu suka zube, mutane suka kwashe kaya zuwa makarantu. A tamu unguwar kududdufi ya cika har ya taɓa bakin hanya, ya tsaya a nan. Ko ɗaki ɗaya bai faɗi ba.

Washegari Malam Abdu ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya tsufa sosai, yana dogara sanda.

"Malam Sani, kai ni wurin yayanka," ya ce.

Na ɗauke shi a mota zuwa maƙabarta. Ya daɗe yana addu'a a tsaye, ya ƙi yarda in riƙe shi. Da ya shafa, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba: "Mun ce ya shiga hurumin Allah, alhali shi ne ya fi mu sanin kyautar da Allah Ya ajiye mana. Ka shaida na faɗa."

Na shaida, shi ya sa na rubuta. Wasannin da na yi suna da su, yaran yanzu ba su san ko ɗaya ba. Yaya bai bar gida mai bene ba, bai bar allo mai sunansa ba. Ya bar unguwa guda a tsaye, da mutanen da suka koyi tambaya kafin su tafa wa mai suna ko su yi shiru don an ambaci addini. Allah Ya jiƙan Lawal, Ya sanyaya makwancinsa.