Gado da ƙarshen fim ɗin ramuwa

Gado bai taɓa wuce Maraɗi ba, amma duk ranar kasuwar Korgom, a rumfarsa ta zana, shi ke yi wa Turawan cikin fim bakin Hausa. Faransancinsa na aji shida ne. Inda ya ji, ya fassara. Inda bai ji ba, ya duba fuskar mai magana, kuma ba kasafai yake kuskure ba. Doka ɗaya gare shi: ba ya yanke ƙarshen fim, ko da masu kallo sun watse.

Bara ya samo wani fim na zamanin da: an dasa bam a tashar jirgin ƙasa, gwamnati ta tura wani hafsa ya bi masu laifin ɗaya bayan ɗaya. Imrana tela ya zauna a gaba. 'Yan ta'adda sun kashe ƙanensa soja, kuma ana raɗe-raɗin wai Ɗan Azumi mai sayar da esansi, wato man fetur, a bakin tasha yana kai musu mai. Ba wanda ya gani. Wuƙar da ke ƙugun Imrana kuwa kowa ya gani.

Hafsan na harbe na ƙarshe, rumfa ta ɗauki kabbara, sai injin ba da wuta ya mutu. Mai ya ƙare. Imrana ya miƙe.

Gado ya tare ƙofa. "Saura, tela. Hafsan zai gano biyu cikin waɗanda ya kashe ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Tsegumi ne aka kai masa."

"Ƙarya kake, baba Gado! Kai da Faransancinka na talla."

"To sayo lita guda ka gani da idonka. Ba ni aron wuƙar nan in kankare bujin inji kafin ka dawo."

Gaban jama'a, Imrana ya rasa yadda zai hana dattijo aro. Mai esansi kuwa ɗaya ne a kasuwar, Gado ma ya sani.

An daɗe ana jira. Gado ya kankare bujin, wato fulogin injin, da ba abin da ya same shi. Can sai ga Imrana da kwalba, Ɗan Azumi na biye da mazurari, don bai yarda a zubar masa da ɗigo ba.

Inji ya tashi. Imrana da Ɗan Azumi suka zauna benci ɗaya, tsakaninsu tazarar mutum uku. Gado ya gyara murya, ya ci gaba daga inda aka tsaya.