Sawun Mama a Ƙarƙashin Leda

Wiebe Hoekstra direban bas ne a garin Drachten, shekararsa hamsin da biyu, irin mutanen nan ne da ba sa kiran mai gyara ko rufin gida ne ya rufto, shi zai yi da hannunsa ranar Asabar. To da babansa Sjoerd ya faɗi ya karye a ƙugu, likita ta ce ba zai koma gida ba sai an cire tsohon kafet ɗin falo don keken dogarawa ba ya gudu a kai, ai kafin ta rufe baki Wiebe ya sayo ledar nan mai kama da katako, falle-falle, wadda ake mannawa da gam.

Ita ledar nan ba ta rufa asiri, ko ƙwayar yashi ce a ƙasa sai ta nuna, dole sai an kwarara ruwan siminti ya shafe ko'ina sumul tukuna. Ya naɗe kafet ya jefar ko kallon ƙasa bai yi ba, ya dama bokiti ya fara zubawa daga taga yana ja da baya, sai da ya zo bakin kicin ya gani. Sawun ƙafa ne a tsohon daɓen, ɗan ƙarami, ba takalmi, an rubuta Tjitske 1971 da ƙusa a gefe. Mamansa kenan, shekara uku da rasuwa. Nan ne gefen kafet yake a ɗage kullum, shi Wiebe yana ta mita a kai, ashe tsohon ne ke ɗagawa yana dubawa.

Ruwan na ta gangarowa. Da ya sa katako ya tare da ya tsaya, ya sani sarai, amma sai ya tuna zai bar tudu aikinsa ya yi muni. Yana tsaye da bokiti har ruwan ya rufe sawun. Ko hoto bai ɗauka ba.

Washegari ƙanwarsa Aukje ta kawo kofi da burodi da cuku ta same shi a durƙushe yana shafa gam.

"Sarkin gyara, yau ba cika baki? Ko gam ɗin ne ya manne maka leɓe?"

"Miƙo min wuƙar can kawai."

Ya jera ledar ya danna da rola ya datse gefen bango tsaf, amma a bakin kicin sai ya yanki ɗan guntu tsawon ƙafa ya manna shi a gicciye daidai inda sawun yake.

Ranar Juma'a aka kawo tsoho, keke na ta sulalewa, tsohon yana cewa kamar kan ƙanƙara, yana zuwa bakin kicin ya ja birki.

"Wane makahon ne ya sa wannan a gicciye?"

"Ni ne Baba. A nan yake." Wiebe ya nuna guntun. "Na gan shi kafin ruwan ya kai, kuma na bari."

Aukje ta ce me aka gani, ba wanda ya kula ta. Tsoho ya zare silifas da ƙyar ya ɗora ƙafarsa a kan guntun, ya daɗe a haka.

"Ya yi girma. Ƙafarta ba ta kai haka ba."

"Zan rage shi Baba, yanzun nan."

"Bar shi. Taɓawar da ka yi ta isa."

Har yau Wiebe na zuwa duk Asabar yana neman abin gyara a gidan, kuma in zai shiga kicin tsallake wajen yake yi.