Yaya Sabi'u bai yi haƙuri ba

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Sabi'u a Riyad, kuma har yau raina ɓaci yake idan na ji 'yan uwanmu suna cewa, "Allah ya jiƙan mai haƙuri." Wane haƙuri? Direba ne da kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya kulle masa fasfo a durowa. Shekara da shekaru yana roƙon a bar shi ya je Kano ya ga tsohuwarmu, kullum amsar ɗaya ce: bukura, wato gobe, in sha Allah.

A hutun makaranta na ƙarshe kafin rasuwarsa, makarantar sakandaren 'yarsa Hafsa ta ba su wani littafin Turanci su karanta, labarin wata ƙasa da ba mai fita sai da izini. Yaya ba ya jin Turanci. Bayan la'asar, a ɗakinsu na unguwar Jaradiya, yakan zaunar da ita ta fassara masa da Hausarta mai cike da Larabci. Wata rana ya tsayar da ita ya ce, "Ke Hafsa, marubucin nan ya taɓa yin direba a garin nan ne?"

Da aka koma makaranta, malamar ta ce kowa ya ƙaga yadda rayuwa za ta kasance a irin wannan ƙasa. Hafsa ta miƙe ta ce ita ba sai ta ƙaga ba, babanta a ciki yake. Kafin Juma'a magana ta zagaye mutanenmu. Dattawa suka taso takanas har gida, wai ya ja wa yarinya kunne kada ta jawo wa kowa matsalar iƙama, takardar izinin zama. Ya ce musu ba zai tsawata wa 'yarsa don ta faɗi gaskiya ba. Suka daina gaishe shi a masallaci. Su ne kuma suka cika sahun gaba ranar jana'iza, suna yabon haƙurinsa. Tsohuwarmu ta waya ta ji rasuwar.

Bana ɗana ya dawo da irin littafin nan. An ce dokoki sun sassauta, kuma na ga wasu sun samu sauƙi. Amma dattawan nan suna nan yadda suke: yaro ya karanta, ya ci jarrabawa, ya rufe bakinsa. Da Yaya na raye, na san zai tambaye su amfanin karatun da za a hana yaro gane gidansu a ciki.

Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar mota ba. Amma bara na raka Hafsa filin jirgin Sarki Khalid, za ta Kano ganin kakarta. Kaya sun yi mata yawa, na miƙa hannu in riƙe mata fasfo. Ta janye shi ta ƙanƙame a ƙirji.

"A'a, Baffa," in ji ta. "Baba ya ce kada in ba kowa."