Amatullahi Mati, Mai Bin Masu Ciki Har Gidan Iyayensu

Kafin masu kunu su kafa tukwanensu a bakin asibiti, Malama Amatullahi Mati ta riga ta iso ɗakin awo. Za ta share benci, ta gaida masu ciki ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi fashi kuwa sai ta sha tsiya: "Ke, cikin ne ya tafi hutu ko ƙafar?" A haka ta yi furfura a Malumfashi, ga shi watan nan ta ajiye aiki.

Da masu bincike kan lafiyar mata suka zo neman sanin yadda za a hana cuta mai karya garkuwar jiki wucewa daga uwa zuwa jariri, ita suka ɗauka ta riƙa zama da matan. Ita ke yi musu bayani da Hausar gida, ta ɗebi jinin wadda ta yarda, wadda ta ƙi kuma ba ta canza mata fuska. Matsalar da ta dame su duka ita ce masu cikin fari, waɗanda ke ɓacewa da zarar wata ya kusa. Sun tafi goyon ciki gidan iyayensu, inda ba wanda ya san suna shan magani. Malama ta ce a bar mata wannan.

Zaituna na cikinsu, kuma ita da bakinta ta ce a ba da labarinta. Ita da mijinta Haladu suna shan magani, ba wanda ya sani sai su da Malama. Ta tafi gidan iyayenta a Tsiga haihuwa da kwalbar ruwan maganin jariri a ƙasan jaka, wanda dole a fara ɗiga masa da zarar ya faɗo. Sai dai ɗan fari ne. Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, sai kaka ta miƙo shi ya sha nono ta karɓe. Yaro na hannun uwarta Inna Rabi, kwalba na cikin jaka, Zaituna na kuka ana cewa zafin jego ne.

Haladu ya buga wa Malama waya. Washegari da hantsi Malama ta hau acaɓa cikin taɓon damina, ba farar riga, sai atamfa da sabulu a leda kamar kowace 'yar barka. Ta jira ɗaki ya rage su biyu.

"Malama, in Inna ta ji, hawan jini zai kashe ta."

"Sirrinki ne, 'yata, ba zai fita daga bakina ba. Amma kwalbar nan sai ta shiga hannun mai riƙe da yaron, kuma yau."

Sai Zaituna ta kira uwarta ta faɗa mata. Inna Rabi ta yi salati, ta share ido da bakin zani. Can ta ce, "Yanzu don Allah tsorona ya fi miki ran ɗanki? Malama, nuna mini yadda ake ɗiga masa."

Tun daga ranar, tsohuwar ce ke ba jikanta magani, ita ce kuma ke tsare 'yarta sai ta haɗiye nata kafin ta miƙa mata kunun kanwa. Bayan an yaye Mahadi aka yi masa gwajin ƙarshe, babu cutar a jininsa. Malama ta fita bayan ɗakin awo ta yi kuka son ranta, ba ta damu da wa ya gan ta ba.

Ke ce, Malama, rumbun sirrin mata. Sunanki bai fito a takardun binciken ba, amma yau ana tambayar kowace mai cikin fari inda za ta haihu da wanda zai riƙe jaririn, kuma daga gare ki aka koya. Muna alfahari da ke, mun gode, Allah ya saka miki da Aljanna. 'Yan matan da suka karɓi ɗakin awo kuma, in mai ciki ta daina zuwa, kada ku ce ta ɓace. Tana gidan uwarta, ku bi ta can.