Koriyar Jakar da Na Ɗaure wa Hafsatu

Tuƙin motar kamfani wahala ce, ba wani abu ba. Shekara ashirin da biyar ina jigilar bokitai da butocin roba daga Challawa zuwa sito a Bompai, wani sa'in har Nguru, har Maraɗi, ribar da na ci ita ce ciwon baya. Ni a aji huɗu na tsaya, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, amma wallahi tallahi abin nan da ni ya faru, ba a majalisa na ji ba.

Lokacin ina saurayi, ko budurwa ba ni da ita. Rana tsaka ce cikin bazara, na yi lodi na fito ni kaɗai, ina isa Zawaciki, sannan duk gonaki ne babu gidajen nan, sai ga wata yarinya cikin hijabi ta goya koriyar jaka kamar mai goyon ɗa, tana ɗaga min hannu. Dokar kamfani ba a ɗaukar fasinja, amma ban san sanda ƙafata ta taka birki ba.

Ta hau tana dariya, ga wushirya, ta ce, "Sannu Baba."

Na ce, "Ke, wane Baba? Dubi gemun nan, gashi nawa ne?"

Ta ce, "Ai zai fito, har ya yi fari."

Wai ita labarai take rubuta wa matasa 'yan'uwanta, kuma wanda bai taɓa wuce ƙofar gidansu ba, ba abin da zai rubuta sai tsegumin maƙwabta, shi ya sa ta fito ganin duniya. Ta ce in ba ta labarin hanya. Ni kuwa abin nema ya samu, na ba ta na akuyar da ta cinye min takardar kaya a Nguru, da na raƙumin da ya gurfana tsakiyar titi ya hana mu wucewa har la'asar, tana ƙyaƙyatawa tana rubutawa da hannun hagu. Na ce, "Ashe bahaguwa ce." Ta ce gadon kakarta ne.

Abin da ya ɗaure min kai jakar ce. Maratayinta ya tsinke, an ɗaure shi da robar taya irin wadda muke ɗaure tamfol, kuma ƙullin nawa ne, zagaye biyu a tura jelar ta ƙasa. Ogan da ya koya min tuƙi ne ya nuna min, shi kuwa ya rasu, ban san wani mai yin sa ba. Na ce wa ya ɗaure miki? Ta ce, "Babana. Da ƙyar ya yarda, sai da ya kwana bai runtsa ba."

A Sharada ta ce in sauke ta. Ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, in na zo tambayarka kar ka wahalar da ni da yawa." Na sa giya, na duba madubi, babu kowa. Jama'a, katangar kamfani ce dama da hagu, ba lungu, ba bishiya. Na sauko na leƙa har ƙarƙashin mota. La'ilaha illallahu! Da na faɗa wa direbobi a teburin mai shayi dariya suka yi, wai aljana ce, in gode Allah ba ta ce in aure ta ba. Na sha rubutu kwana bakwai, na manta.

To, na yi aure, Allah Ya ba ni Hafsatu. Bahaguwa ce, mai wushirya, amma irinsu nawa ne a Kano? Ban kawo komai ba. Ta girma tana rubuta labarai a waya, sa'o'inta na karantawa. Bara ta zo min da cewa malamarsu za ta zagaya da su Daura da Katsina har Damagaram, sati biyu, su ga gari su rubuta. Na ce ba inda za ki, ni na san hanya, ba abin da ke cikinta sai wahala. Uwarta ta roƙa, na ƙi. Kwana uku yarinya ba ta yi dariya ba.

Ana jibi tafiyar na dawo gida Dorayi bayan la'asar, sai na tarar tana kwashe kayanta daga wata jaka da ta sayo a gwanjo. Koriya. Maratayin a tsinke. Ta ɗago ta ce, "Sannu Baba." Wallahi sai kan turmi na zauna, na shafa gemu, ga shi fari.

Har yau ban san wadda na ɗauka a Zawaciki ba, kuma in na tuna tsigar jikina tashi take. Ni dai shawarata, in ɗanku ya ce zai fita ya ga duniya ta hanyar kirki, ku bincika da wa zai tafi, ku yi masa addu'a, kar ku tsaya taurin kai irin nawa.

Ranar da na ga jakar ban runtsa ba. Da safe na ɗauko reza, na yanko roba, na ce, "Ke bahaguwa, miƙo jakar nan."