Tambayar da Ƙanwata Ba Ta Maimaita Ba

Ni na fara kawo kwamfuta ofishin Kawu, a rubuta wannan a ajiye kafin in faɗi sauran. Kawu yayan mahaifiyarmu ne, yana da motocin safa da ke tashi daga Zongo zuwa Parakou, wasu har bakin iyakar Nijar. A lokacin nan, mulkin farar hula ya zauna da gindinsa, kowa na buɗe abin da ya ga dama, wannan gidan rediyo, wancan shagon intanet. A irin wannan shago a unguwar Jonquet na koyi abin da na koya, ba malami ba takarda, sai naci. Da shi na haɗa wa Kawu manhajar sayar da tikiti: ma'aikaci a Zongo ko Sainte-Rita ko Parakou ya buɗe shafi, ya ga kujerun da suka rage, ya sayar. Manhajar tana zaune a kan saba, wata ƙatuwar kwamfuta da muka ajiye a ɗakin bayan ofis da fanka biyu a kanta. Sunayen fasinjoji da lambobin kujeru kuma suna shiga rumbun bayanai.

Abin yana da ciwo guda. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in jama'a suka yi wa tagar tikiti caa, sai shafin ya sandare. Nan take a aiko zemijan, wato ɗan acaɓa, ya ɗauko ni duk inda nake. In shigo da sauri, in ce kowa ya fita, in rufe ƙofa, in kashe sabar in kunna. In ɗan zauna minti goma don kada a raina aikin. Da na fito Kawu zai dubi direbobi ya ce, "In babu wannan yaron, mu da komawa alƙalami da takarda." Ba zan ɓoye ba, wannan maganar ta fi mini komai daɗi a duniya.

Sai ƙanwata ta gama jami'a. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na riƙa kai ta makaranta a bayan keke. Ta dawo da takardar injiniya, Kawu ya sa aka sanya ta a gilashi aka rataye a ofis sama da kalanda. Ni da na yi shekaru a wurin, ko hotona babu a bangon. Ranar farko ta zauna ta karanta abin da na rubuta, tana gyara mayafi. Da ta ɗago ta ce, "Yaya, na ga inda yake yoyo." Na ce mata mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta yi bayani a hankali. Duk ma'aikacin da ya buɗe shafi, manhajata na buɗe masa sabon layi zuwa rumbun, in ya gama ba ta rufewa. Kamar rijiyar gidanmu ce, in ji ta, kowa ya ja ruwa ya tafi da gugan zuwa ɗakinsa, kafin la'asar babu guga a bakin rijiya. Kashewa da kunnawar da nake yi tattaro su ne kawai. Ita so take a cire adireshin rumbun da kalmar sirri daga cikin manhajar, inda na cusa su ko'ina, a rubuta su a fayil guda na sabar, sabar ta riƙe layuka kamar ashirin a buɗe, tana bayarwa tana karɓa. Gaskiya ce tsantsa, na gane tun kafin ta rufe baki, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Kawu yana tsaye yana ji. Ya ce, "Injiniya, yi yadda kika gani." Injiniya! Ni kuwa "wannan yaron" ne har da furfurar farko a gemuna.

Abin da ba ta sani ba, rumbu biyu ne a kan sabar. Ɗaya na gaske, ɗaya kwafi ne da nake gwaji a kansa, na ɗauke shi mako biyu da suka wuce. Komai nasu iri ɗaya ne har kalmar sirri, lambar ƙofar shiga kawai ta bambanta. Lambobin biyu duk suna warwatse a cikin manhajar, ni kaɗai na san wadda ke aiki. A jikin bango kuma akwai wata tsohuwar takarda da na liƙa, lambar na gwajin ce a kanta.

Ranar Laraba da hantsi, saura 'yan kwanaki Sallar layya, ta nuna takardar ta ce, "Yaya, wannan ce lambar rumbun?" Ina ɓare lemo a bakin taga. Na ce "uhm", ina kallon titi. Na ji idonta a bayana, na san ba ta gamsu ba. Amma a gidanmu ƙarami ba ya yi wa babba tambaya ɗaya sau biyu. Marigayi mahaifinmu yakan ce tambayar farko neman sani ce, ta biyu tuhuma ce. Da wannan aka raine mu, kuma na san da shi zan kama ta. Ta sunkuyar da kai ta rubuta lambar.

Da yammacin Alhamis aka koma kan sabon tsarinta. Juma'a ta zo, aka sauko daga masallaci, na zauna a rumfar mai shayi ina miƙa wuya duk zemijan da ya karyo kwana. Babu wanda ya zo. Da na gaji na taka da ƙafata zuwa ofis, na tarar layi na tafiya sumul, Kawu yana dariya har da tafa hannu, ya aika an sayo mata tsire. Ma'aikatan suna mamakin yawan kujerun da ba a saya ba a makon Sallah, suka ɗauka rabo ne, suna ta sayarwa. Na shiga ɗakin baya, na buɗe rumbun gwaji. Ga tikiti na faɗowa ɗaya bayan ɗaya a kan kujerun da na san an riga an sayar tun makon jiya. Na daɗe ina kallo. Na ce wa kaina gobe zan faɗa, bari ta ɗan ɗanɗana tukuna. Na rufe na fito, har na ci tsiren.

Lahadi da safe tasha ta rikice. Kowace kujera mutum biyu, kowa da tikitinsa a hannu, ga raguna ɗaure ga kaya, ana ta musu da Hausa da Faransanci da Dandanci. A cikinsu har da Inna, mahaifiyarmu, za ta Parakou yin Sallah wurin ƙanwarta marar lafiya. Ta sayi tikitinta tun da wuri, don dokar Kawu ce ko ɗan gida sai da tikiti. Kujerarta an sake sayar wa wani bafataken Nijar. Ta dubi mutumin ta ce, "Zauna, bawan Allah, motar ɗan'uwana ce, ba zan yi rigima a cikinta ba." Ta sauko ta zauna a kan jakarta a rana. Ba ta samu mota ba sai bayan Sallah.

Kawu ya kira mu ɗakin baya yana huci. "Wa ya yi wannan ɓarnar?" Kafin in motsa ƙanwata ta ce, "Ni ce, Kawu. Ban duba da kyau ba." Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "To kin gani, takardar diplom ba ita ce aiki ba." Ya juyo gare ni: "Gyara mana." Na buɗe fayil ɗinta, tsaf da shi kamar ɗakin amarya, na canza lamba guda. Ko minti biyu ban yi ba. Da na fito ya faɗi maganar nan tasa a gaban direbobi, wadda na yi kwana da kwanaki ina kishirwarta. Na ji ta kamar tuwon da ya kwana.

Ranar Sallah da rana ta kawo mini soyayyen nama a kwano, ta durƙusa ta ajiye kamar kullum. Har ta miƙe, sai ta ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, sabar tana rubuta duk wanda ya shiga rumbu da lokacin da ya shiga. Na goge na ranar Juma'a, kada Kawu ya sa wani ya duba." Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta ɗauki murfin kwanon ta fita.

Bayan wata biyu ta samu aiki a wani kamfani wajen unguwar Ganhi, ta tafi da takardarta, ƙusar tana nan a bango. Tsarinta kuwa bai sake sandarewa ba ko sau ɗaya, ba a sake aiko mini zemijan ba. Mutane na cewa hassada ga mai rabo taki ce, ni shaida ne. Abin kunyar shi ne har yau in na tuna yadda ta rufa mini asiri, kafin nadama ta zo sai haushi ya riga ta zuwa, don a nan ma ta fi ni. Tana zuwa gaishe ni kowace Juma'a, tana ce mini Yaya, ni kuma har yanzu ban ba ta amsar tambayarta ta ranar Larabar nan ba.